ƊAN FARI A KWALBA

Shafi na 19

Da sunan Allah mai rayawa.

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, sai ku bar ni in sha ruwa. Wata har cewa ta yi idan na bari wani abu ya sami jaririn nan sai ta biyo ni har gida. 'Yar'uwa, ni alƙalami kawai nake riƙe da shi, rai na Allah ne.

Ga wanda ya shigo mana yau: Mas'uda ce, matar Sambo, mutanen Kebbe. Haihuwarta ta fari ke nan, kuma bakwaini ta haifa. A bisa mashin aka fito da su, aka kawo su asibiti a Tambuwal, aka sa yaron a kwalba, wato akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake rainon bakwaini a ciki. Yau kwanansa tara. A kwana taran nan uwarsa ba ta taɓa shi ba, ko da ɗan yatsa.

*

Da hantsi Likita Nuraddeen ya shigo ɗakin jarirai da sauri, wata mata na biye da shi tana kuka, rungume da tsumma. Daga Dogon Daji aka kawo ta. Abin da ke cikin tsumman bai cika kilo guda ba, numfashinsa ma sama-sama yake.

Kwalba uku ce a ɗakin, kowacce da mai ita.

Likita ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba takardu, ya tsaya a kan ta tsakiya.

"Sista Yelwa, wannan nawa ya yi a sikeli yau?"

"Kilo guda da ɗari fuɗu, Likita. Tun shekaranjiya shika numfashi da kainai, nono kau shina zama cikinai."

"To shi ne mai ƙarfin cikinsu. A fito da shi, a goge kwalbar a sa wannan. Shi kuma a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata. Ina uwar?"

Sista Yelwa ta taɓe baki.

"Uwa tana nan, Likita. Ƙirjin dai na ban sani ba ko za a samu."

Shekara ashirin da biyu Sista Yelwa ta yi a ɗakin jarirai. Gajeriya ce, bakinta ya fi allurarta zafi, amma in ta ɗauki bakwaini sai ka rantse hannunta auduga ne. Ta zura hannu ta fito da yaron, ta sa masa 'yar hular saƙa, ta naɗe shi a tawul biyu, ta nufi ɗakin da ke jikin nasu, inda iyaye mata suke kwana.

Mas'uda na zaune a bakin gado da ɗan kofi tana tatsar nono.

"Mas'uda, aje kofin ga. Fidda rigarki."

"Sista?"

"Ɗanki anka fiddo, wani ya fi shi buƙatar kwalba. Daga yau ƙirjinki shi na kwalbatai."

Mas'uda ta kalli tawul ɗin sau ɗaya, ta yi maza ta juya fuska bango. Ta cusa hannuwanta biyu ƙarƙashin cinya.

"Sista, ki ba wani."

"Wane wani? Ni nih haife shi?"

"Na fari na," ta faɗa a hankali, da ƙyar ake ji.

"Na sani."

"Dada tana waje."

Ƙofar a buɗe take kaɗan. Ta nan ana hango gefen tabarma a baranda, da ƙafafun tsohuwa a miƙe, da carbi yana tafiya a hannu. Dada ke nan, mahaifiyar Sambo. Ita ta rako Mas'uda daga Kebbe, kuma tun ranar da suka zo ba ta taɓa tsallake bakin ƙofar nan ba.

Ku 'yan birni da kuke ɗora hoton ɗan fari a waya tun ba a yanke cibiya ba, na san ba za ku gane ba, har wata za ta ce mini ƙarya nake. A gidan da Mas'uda ta tashi mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa. In ya yi kuka wata ce za ta ɗauko shi ta ce a ba shi nono, uwar kuma ta yi ta noƙewa kamar an ce ta sha maɗaci. Goggon da ta raine ta, ranar da za a kai ta ɗaki, abu ɗaya ta ja mata kunne a kai: duk ranar da ta rungumi ɗan fari a gaban uwar miji, ranar ta zubar da su.

Kada ku ce ba ta sonsa. Yarinyar nan duk bayan awa uku sai ta tatsi nono ta miƙa kofi kanta a sunkuye, a zuba masa ta 'yar robar hanci. Daga inda take kwance tana iya bambance ƙarar injin kwalbarsa da ta sauran biyun. Sonsa na cin ranta, kunya kuma ta ɗaure mata hannu.

Sista Yelwa ta zaro ma'aunin zafi ta sa a hammatar yaron. Ya yi 'yar ƙara.

"Talatin da biyar da ɗigo shida. Kin ji? Kamata yay yi ta kai talatin da shida da rabi. Bakwaini ba shi da kitse, ba shi iya yi ma kainai ɗumi. Tawul kau ba shi ba da ɗumi, wanda mutum ad da shi shika tsarewa."

"Ki aje shi bisa gado in rufa mai zanena. In Dada ta tashi alwala sai in ɗauka."

"Sanyi ba shi jiran Dada ta tashi alwala!"

Hawaye suka zubo wa Mas'uda shar, amma hannuwan nan ba su fito ba.

Nan fa ran Sista Yelwa ya ɓaci. Ta ƙara manna yaron a jikinta, ta tura ƙofar da ƙafa ta leƙa.

"Dada, ku taso."

Tsohuwar ta ɗago kai. Doguwa ce, fara, siririya, ba ta da yawan magana.

"Kwana tara kuna zaune bakin ƙofar ga awa mai gadi. Yarinya ta kasa taɓa ɗanta sabadda ku. In al'ada kuka tsaro, to ku shigo ku ga abin da al'ada za ta ci da idonku. Ni kam na gaji da rufe ɗiyan mutane da zane sabadda kunya."

Ni da nake rubutawa sai da na ce yau Sista ta taɓo wa kanta. Amma Dada sai kawai ta janyo ƙafafunta. Ta naɗe carbi, ta miƙe, ta cire takalma. Aka nuna mata famfo ta wanke hannu har gwiwar hannu da sabulu, ta zare zobenta na azurfa ta ƙulle a bakin zane.

Daga wurin famfon, kafin a shiga ɗakin iyaye sai an wuce ta gaban wata babbar tagar gilashi da ke kallon ɗakin jarirai. A nan ƙafar Dada ta tsaya.

An ce gani ya kori ji. Kwana tara tana jin ana cewa kwalba, kwalba, ita a zatonta wata ƙatuwar kwalbar manja ce. Sai ga akwatuna uku masu haske, suna ɗan gurnani a hankali. A gefe wata jaririya kwance ƙarƙashin shuɗiyar fitila an ɗaure mata ido, ana yi mata maganin shawara. A kwalbar tsakiya kuwa Likita ya zura hannuwansa ta wasu ƙofofi biyu zagayayyu, yana gyara wa ɗan Dogon Daji wata roba siririya a hanci. Duk tsawon yaron bai wuce tafin hannun Likita da 'yan yatsu ba. A ƙafarsa an maƙala wani abu mai jar wuta, lambobi na ta canzawa a saman akwatin.

"Ɗiyata," Dada ta ce, "wanga da rai?"

"Da rai."

"Wata nawa?"

"Shida da 'yan kwanakki."

"Kuma shina rayuwa?"

"In Allah ya so. Na riƙa waɗanda ba su fi shi ba, yanzu suna firamare. Akwai wadda duk sallah sai uwatta ta kawo min ita ta gaishe ni, surutu awa rediyo."

"Zaren ga na hanci fa?"

"Iska ka bi ta nan ta shiga ƙirjinai."

"Jar wutar ga ba ta ƙona shi?"

"Bugun zuciyatai taka ƙirgawa."

Dada ta dafa gilashin da tafin hannu.

"Subhanallahi. Ciki na. Wani ciki anka yi ma ɗiya bayan cikin uwa. Kai, Allah ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba."

"Dada, lokaci," Sista ta ce, amma a wannan karon a tausashe.

Suka shiga. Mas'uda na ganin surukarta ta zamo daga gado za ta durƙusa.

"Koma bisa," Dada ta ce. Ita kuma ta zauna a ƙasa, a kan siminti, a gaban matar ɗanta. Sauran mata biyu da ke ɗakin suka daina abin da suke yi.

Sista ta sake awo. "Talatin da biyar da ɗigo biyu. Ƙasa shika yi."

"Buɗe min fuskatai in gani."

Sista ta ɗan ɗaga tawul. Dada ta daɗe tana kallo.

"Haka shike. Wallahi haka shike, hal kunnen."

"Wa?" Sista ta tambaya.

"Yayan Sambo."

Mas'uda ta juyo ba ta san ta juyo ba. "Dada, ai... ai shi na babba."

"Wa yac ce miki? Kin taɓa jin an ce ma ɗan fari Sambo? Sambo sunan na biyu na. Mun dai ce ma mutane sunan kakanai yac ci, anka bar magana. Kin taɓa jin na ɓoye sunanai? Gaban kowa nika kiranai. Matan Kebbe sun daɗe suna cewa ban da kunya, na ƙyale su."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Shekara talatin da takwas ke nan. Muna mashekari da shanunmu bayan Kebbe, da damana. Cikina wata bakwai, ba a ko kai ga maishe ni gidanmu goyon ciki ba, sai haifuwa taz zo. Namiji. Awa wanga. Uwar mijina tan naɗe shi cikin auduga, tas sa cikin ƙwarya, ta aje min gefen gado."

Ta sake kallon yaron.

"Kwana ukku shina kuka, ɗan kuka siriri awa na ɗan mussa. Ɗaki cike da mata. Ni kau na ba shi baya, ina kallon bango, awa yadda kika yi yanzu. Ina ji ana yabona. Ana cewa ɗiyar ga akwai kunya, ɗiyar ga an yi mata tarbiyya. Daɗi nika ji, Mas'uda. Wallahi daɗi nika ji."

"Dada..."

"Bari in ƙare. Ran na ukku da safe mata sunka tafi tatsa, ɗaki yay yi ba kowa. Sannan niw waiga. Nis sa hannu cikin ƙwarya, nij ji sanyi awa gindin randa. Niɗ ɗauke shi nis sa cikin rigata, nir rungume. Hal rana tat take ina riƙe da shi ina jiran shi yi ɗumi. Ɗumin da nih hana mai da rai, shi nib ba shi ba rai."

Ɗaya daga cikin matan ta rufe baki da mayafi tana kuka.

"Bai kai suna ba, anka ce ba a ƙirga shi. Ni ina ƙirga shi. Ajali na, na sani, Allah ad da rai. Amma yabon da anka yi min, hal yau ban ga abin da yat tsinana min ba."

Ta ɗago ta kalli Mas'uda ido cikin ido.

"Kwana taran ga ba gadinki nika yi ba. Tsoro na. Kasa shigowa niy yi in ga bakwaini da idona. Ban san ni ka hana ki ba. Ki yafe min."

Da na sani ƙeya ce, amma ta Dada ta zo a kan kari. Ta miƙe, ta kama hijabin Mas'uda da hannunta ta zare. Ta ɗaga mata riga kamar mai tuɓe ƙaramar yarinya. Ta kamo hannuwan nan biyu ta fito da su daga ƙarƙashin cinya.

"In goggonki ta yi magana, ki ce ni nis sa ki. Sista, kawo shi."

Sista ta warware tawul, ta bar shi daga shi sai ɗan kunzugu da hula. Ta kwantar da shi a tsaye tsakanin nonon uwarsa, ƙirji da ƙirji, ta tanƙwasa masa ƙafafu kamar na kwaɗo, ta juya kansa gefe yadda hanci zai sami iska.

"Zane nika so, mai ƙwari."

Dada ta kwance mayafinta ta miƙa. Suka zagaya shi, aka ƙulle a gefe.

"Goyo gaba!" Dada ta ce tana girgiza kai. "Mu dai baya munka sani."

"Baya sai ya yi ƙwari. Yanzu zuciyar uwatai shika so shi ji."

Mas'uda ta sandare. Abin da ta fara ji shi ne sanyi, wani sanyi da ya ratsa ta har baya. Sai nauyi, in ma za a kira shi nauyi, don bai fi na 'yar tattabara ba. Sai kuma wani bugu mai sauri-sauri a kan fatarta, wanda ba nata ba. Ta sunkuyar da kai, karo na farko tun da ta haife shi ta kalle shi sosai. Ga gashin gira siriri. Ga jijiyoyi ana gani ta cikin fata. Ɗan hannunsa ya buɗe ya dafe ta.

"Dada," ta ce, tana kuka tana dariya, "hal da akaifa gare shi!"

"Yo da mi kika zato? Mutum na cikakke, girma dai yar rage mai."

Sista ta riƙa zuwa duk bayan rabin awa tana awo. Talatin da biyar da takwas. Ta tafi ta dawo. Talatin da shida da biyu. Aka kira azahar, Dada ta yi sallarta a nan gefen gadon, ta ƙi fita. Sista ta sake dawowa, ta sa ma'auni, ya yi ƙara, ta duba ta yi murmushi ta miƙa wa tsohuwar.

Dada ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa. Ba ta san lamba ba.

"Mi yac ce?"

"Talatin da shida da bakwai. Cewa yay yi jikanki ya yi ɗumi."

"Ba wuta?"

"Ba wuta."

"Ba inji, ba allura?"

"Ba ko guda. Ita dai. Ai kwalbar da kunka tsaya kuna ma tasbihi, jikin uwa anka kwaikwaya anka yi ta."

Dada ta zura yatsu biyu a hankali ƙarƙashin mayafin ta taɓa bayan yaron. Ɗumi ta ji, irin na ƙwan da kaza ta tashi a kai. Ta janye hannun ta ɗora a nata ƙirjin.

"Ashe dut abin da shika so shina jikina."

Ta fuskanci gabas ta kai goshi ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Sista Yelwa ta share ido da bayan hannu, ta ce ƙura ce ta faɗa mata, ta koma wurin ɗan Dogon Daji.

Mas'uda ta jingina da filo. Yanzu ba ta kallon bango, ba ta kallon ƙofa. Numfashinsa take bi da fatarta. Ɗan cikin ya taso ya taɓa ta, ya koma. Ya taso, ya koma. Wani lokaci ya yi sauri, wani lokaci ya ɗan dakata sannan ya ci gaba. Har ta fara yi masa 'yar waƙa a maƙogwaro, a gaban uwar mijinta, ko a jikinta.

Ya taso, ya koma.

Ta jira.

Ta daina waƙar.

Ta ƙara jira.

"Dada."

"Na'am?"

"Ya bar motsi."

Ban san tsohuwa na iya gudu haka ba. Kafin Mas'uda ta rufe baki Dada na bakin tagar gilashi tana dukanta da hannu biyu.

"Sista! Sista!"

Sista Yelwa ta faɗo ɗakin, ta ɗaga hular, ta kalli leɓen yaron. Ya fara yin duhu. Ta sa yatsa tana murza masa tafin ƙafa, bai motsa ba.

"Mantuwa yay yi da numfashi, bakwaini suna yin haka. Kin kyauta da kij ji da wuri. Dada, kwance zanen! Likita! A kawo iska!"

Dada ta fizge ƙullin, mayafin ya zame.

"Miƙo shi, Mas'uda."

Mas'uda ta ƙanƙame shi.

"Miƙo shi in tashe shi, yanzu-yanzu na!"

"A'a! Sanyi za shi ji! In kunka ɗauke shi sanyi za shi ji!"

"Ke, ɗiyar ga, sake shi!" Dada ta kama wuyan hannunta tana ja.

"Ɗana na! Dada, ɗana na, ba ni saki!"

Yarinyar da ɗazun nan ake roƙon ta ɗauka, ga mata biyu sun taru sun kasa ɓamɓare yatsunta. Likita ya shigo da gudu riƙe da 'yar robar hura iska. Sista Yelwa ta ɗaga kai ta kalli agogon bango, ta dawo da idonta kan leɓen yaron.

"Sakan ashirin sun wuce. Mas'uda, don girman Allah, ki ba ni shi!"